Rakiyar Harisin Aziziyya

Malam Zali haris ne, wato mai gadin bene, a unguwar Aziziyya da ke Makka. Benen da yake gadi na saukar alhazai ne. Yakan cika maƙil a lokacin aikin hajji, sauran watannin shekara kuwa babu kowa a ciki sai shi da tattabarun da ke sheƙa a bayan na'urorin sanyaya ɗaki. Mutumin Gumel ne. Ya zo sauke farali yana saurayi, ya ƙi bin jirgin 'yan garinsu da za su koma, tun daga nan yake zaune babu iƙama, wato takardar izinin zama, shekara talatin da ɗoriya. Mai benen ya san da haka, ya kau da kai, don Zali ba ya ɗauke-ɗauke, ba ya kuma barin famfo yana zuba.

Na san shi ne lokacin da nake karatu a jami'a, ta dalilin abokina Abdulwahab, wanda yake neman auren 'yarsa Munira. Ni nake raka shi gaida suruki. Munira tana zaune a unguwar Tandabawi wurin ƙanwar uwarta, Hajiya Lailatu, tun bayan rasuwar mahaifiyarta Mas'uda. Shi kuma Zali yana ɗan ɗakinsa na ƙarƙashin matakala, da katifa, da butar shayi, da katako guda biyu da ya kafa a bango. Alƙur'ani da littattafan fiƙihu suna kan na sama. A na ƙasa akwai wasu littattafai uku masu kauri da bangonsu ya fara cinyewa.

Waɗannan ukun tsofaffin rubuce-rubucen mutanen ƙasar Sin ne da aka fassara zuwa Larabci. Wata shekara alhazan Sin ne suka sauka a benen, tafintansu kuma ya shaƙu da Zali saboda shayi. Da zai tafi sai ya bar masa su. Ɗaya na waƙoƙi ne, biyu na labarai. Zali ya yi allo da karatun zaure a Gumel, ga zaman Makka ya ƙara masa, don haka Larabcin bai gagare shi ba. Sai dai yana karanta su ne kamar yadda ake biya karatu a gaban malami: ya tanƙwashe ƙafa, ya ɗora yatsa a ƙarƙashin layi, yana rausaya yana gunguni, in ya kai ƙarshen jumla ya ce wa kansa "na'am".

Ranar da na fara ganin haka ban iya yin shiru ba. Na ce, "Baba, kana zaune a Makka, ka rasa abin karantawa sai labaran mutanen da ba su san alwala ba?"

Bai ɗago ba ya ce, "Na yi wuridina tun da asuba, Malam Hashimu. Yinin haris dogo ne."

Da tafiya ta yi tafiya sai ya zama in mun zo shi yake ba mu labarin abin da ya karanta, ko mun tambaya ko ba mu tambaya ba. Ba ya iya riƙe sunayen mutanen ciki, sai ya raɗa musu nasa: akwai Mai Dogon Gemu, akwai Hakimin da Aka Kora, akwai Tsohuwa Mai Gida. Abin da ke ba shi mamaki shi ne yadda marubutan ba sa gaggawa. Ya ce mutum zai cinye shafi uku yana bayanin yadda aka dafa shayi da wanda aka fara miƙa wa, kuma ba za ka ji ka ƙosa ba. A da, in alhazai sun watse, yakan share ɗakunan ne a fusace, yana mita a kan silifa ƙafa ɗaya da ragowar magani da aka bari a ƙarƙashin gado. Yanzu sai ya tsaya ya duba, ya ce wannan ɗakin tsohuwa ce ta kwana a ciki, wancan kuwa mai shi bai samu barci ba ko kaɗan. Ni dai na lura sharar ta ƙara ɗaukar lokaci.

Amma abin da ya fi kama shi a littattafan shi ne rabuwa. Ya ce kusan rabin waƙoƙin a kan wani ne zai yi tafiya mai nisa, wani kuma ya taka masa. Akwai labarin da ya ba mu ya fi a ƙirga, na mutumin da ya raka abokinsa tafiyar yini guda a ƙasa, da za su rabu sai abokin ya ce ai shi ma sai ya taka masa, suka juyo tare har rabin hanya. Zali yakan yi dariya har da tari, sannan ya ce, "Mutanen nan sun san rakiya. Kamar a Gumel aka haife su."

Shi kuwa bai taɓa raka kowa ya wuce bakin titi ba. Duk wanda ya zauna a Makka ba takarda ya san dalili. Fita daga gari ba wuya, ba wanda zai tsayar da kai. A dawowa ne akwai shingen bincike a hanyar Jidda, inda ake tambayar iƙama. Wanda ba shi da ita sai tarhil, gidan da ake tara mutane kafin a sa su a jirgi, a ɗauki zanen yatsunsu, shi ke nan su da Makka. Saboda haka duniyar Zali ta tsaya tsakanin Aziziyya da Harami da Tandabawi. Burinsa ɗaya ne, kuma ba ya ɓoye shi: ya mutu a Makka, a sallace shi a Harami, a kai shi maƙabartar Shara'i inda Mas'uda take. Don wannan ya haƙura da ganin gida, har iyayensa suka rasu bai je ba.

Aka ɗaura auren Munira da Abdulwahab. Bayan 'yan watanni kaɗan ya gama karatu, ya samu aikin koyarwa a Kano. Ya yi ta safa da marwa tsakanin ofisoshi har aka ba matarsa takardar fita, irin wadda ba a dawowa da ita. Munira a Tandabawi aka haife ta, ba ta taɓa ganin Najeriya ba, Hausarta ma rabi Larabci ce.

Ranar tafiya muka taru a gidan Hajiya Lailatu da hantsi. Marwan, wani ɗan Hausawa haifaffen Makka mai takarda, shi zai kai mu filin jirgin Jidda a motarsa. Kowa ya ɗauka a bakin ƙofa Zali zai yi wa 'yarsa addu'a ya juya. Muna loda akwatuna sai ga shi da farar jallabiya sabuwa fil, ya buɗe gaban mota ya zauna, ya ja ƙofa.

Lailatu ta dafe ƙirji ta ce, "Malam, lafiyarka kuwa? Ina za ka?"

"Rakiya."

Munira ta leƙo ta taga idonta ya kawo ruwa. "Abuya, la, don Allah ka sauka. Khalas, mun yi sallama a nan, ya isa."

Ya ce, "Ba a sallamar 'ya a bakin ƙofa kamar mai kawo tukunyar gas. Marwan, ja mota."

Na yi masa magana, Abdulwahab ya yi, bai ko waiwayo ba. Da muka kusa fita gari Marwan ya rage gudu, ya ce zai sauke shi a nan ya samu motar komawa, tun ana iya komawa. Zali ya nuna masa hanya da haɓa. Muka wuce. Daga ɗaya hannun titin muna hango shingen da jerin motocin da ke jiran shiga Makka, kowa a motar ya gani. Shi kuwa yana ta kallon duwatsu da filin Allah kamar baƙo, har yana tambayar Marwan yaushe aka yi wancan ginin.

A filin jirgi ya karɓi ƙaramar jakar Munira ya riƙe da kansa, ya bi ta har inda ake dakatar da masu rakiya. Na zaci zai yi dogon wa'azi. Abin da ya gaya mata kawai shi ne ta durƙusa in za ta gaida uwar mijinta, kada ta ce wa babba "khalas", kada kuma ta raina tuwo a gaban mutane ko da bai yi mata daɗi ba. Ta rungume shi tana kuka. Ya dafa kanta ya yi addu'a a hankali. Suka shige, shi kuma ya tsaya a wurin har bayan an daina ganinsu da daɗewa, sai da wani ma'aikaci ya ce mu ba da hanya.

A waje Marwan ya kawo shawara. Ya ce akwai Hausawa a Jidda da za su riƙe shi kwana biyu kafin a samo hanyar da za a shigar da shi ba ta shinge ba. Zali ya laluba aljihu ya fito da makullan benen. Ya ce motar ruwa za ta zo cika tanki da safe, kuma shi bai taɓa barin ginin mutane ya kwana ba kowa ba. Duk yadda muka yi da shi ya ƙi. Da Marwan ya ga haka sai ya ciro jan rawaninsa irin na Larabawa ya yafa masa, ya zaunar da shi a baya, ya ce sau da yawa ba a tsananta wa tsofaffi. "Ya ammi, baffana, abu ɗaya nake roƙonka. Ka yi kamar kana barci. Kada ka yi magana."

La'asar sakaliya muka iso shingen. Jami'in matashi ne, da alama ya gaji. Ya duba takardar Marwan, ya duba tawa, ya leƙa baya ya ga dattijo da rawani, sai ya yi masa sallama don girmamawa, hannunsa har ya fara yi mana alamar mu wuce. Amma Zali ba mutumin da za a yi wa sallama ya yi shiru ba ne, ba kuma ya iya amsa ta a gajarce. Ya gyara zama ya amsa har wabarakatuhu. Ya tambayi jami'in yaya aiki, yaya gajiya, yaya zafin rana, yaya mutanen gida, duk cikin Larabci, amma da karin harshen Gumel tsantsa. Na ga Marwan ya kifa goshi a kan sitiyari.

Jami'in ya amsa gaisuwar tsaf, sannan ya ce, "Iƙama, ya ammi."

Ba a yi masa wulaƙanci ba. Ya sauko da kansa, ya naɗe rawanin ya mayar wa Marwan, ya ba shi haƙuri a kan wahalar da ya jawo masa. Ni kuma ya danƙa mini makullan, ya ce in kai wa mai benen kafin motar ruwa ta zo. Na ji haushinsa a ranar, haushi mai tsanani, kuma har yanzu ban gama hucewa ba.

Hajiya Lailatu ta ɗora laifin a kan littattafan, ta ce karatun Sinawa ne ya juya masa kai. Ni ban yarda ba gaba ɗaya. A ganina abin da ya baro a Gumel ne ya tarar a cikinsu, an rubuta shi dalla-dalla, ga shi kuma da dogon yini na yin tunani a kai. Ko ya san abin da zai biyo baya tun da ya shiga motar, wannan ban sani ba, ban kuma tambaye shi ba.

Ya yi makonni a tarhil kafin a sa shi a jirgin Kano. Abdulwahab ne ya je ya ɗauko shi, shi ne kuma ya kira ni ya ba ni labarin isarsa. Ya ce sun shiga gida ana kiran azahar. Munira ta kawo masa ruwa ya yi alwala, aka shimfiɗa masa darduma a tsakar gida. Sai tsohon ya tsaya a kanta yana waige-waige, ya juya nan, ya juya can. Mutumin da ya shekara talatin in ya hau rufin bene yana hango hasumiyar Harami da idonsa, ya kalli surukinsa ya ce, "Abdulwahab, ina ne alƙibla a nan?"

Abdulwahab ya nuna masa bangon makwabta. Ya fuskance shi ya ta da kabbara.