Shitu da Fartanyar Tsohuwa

Shitu ya fi shekara goma a Guangzhou ta ƙasar Sin yana cewa baɗi zai koma gida noma. Mutumin Ɗambatta ne. Aikinsa bin 'yan kasuwar Kano rumfa-rumfa a kasuwar tufafi ta Shahe, ya yi musu ciniki da ɗan Sinancin da ya tsinta a titi, ya ɗaure diloli, ya raka kwantena har tashar jiragen ruwa ta Nansha. Gwiwa ta gaji, ido ya gaji, bakinsa ne kawai bai gaji da zancen gonar gadonsa ba. Yayansa Abdulƙadir kuwa ya ƙosa. Duk waya sai ya ce, "Gona ta zama saura, Shitu. Ko ka dawo, ko ka bar wa ɗana Huzaifa ya noma." Shi kuma ya ce a ƙara masa damina ɗaya.

Ran nan aka ɗage lodi a Nansha. Dama likita ya ce ya riƙa tattaki saboda hawan jini, sai ya bi wata 'yar hanyar ƙafa a bakin teku. Ba ta da tsawo, ta ratsa kurmi ne ta ɓulla gonakin ayaba, amma kafin ya kai rabi har ya fara haki, matasa masu jakar goyo suna ta wuce shi.

Can ya tarar da wata tsohuwa duƙe da fartanya. A garinsu ba a wuce babba yana noma ba a karɓe shi ba.

"Nihau, Mama," ya gaishe ta da Sinanci, ya miƙa hannu biyu a ba shi fartanyar.

Ta kalle shi sama da ƙasa, ta ba shi, ta nufi bukkarta. Ya naɗe wando. Ga wani fangali cike da siririyar ciyawa kore shar. Ya ce a ransa, tsufa ya fi ƙarfin baiwar Allah. Ya duƙa ya nome shi tas, har yana jin daɗin kansa.

Ihunta ne ya ɗago shi. Ashe ganyen miyarsu ne, ɗan'uwan lawashi, shi take kaiwa kasuwa. Ta damƙo ta kai masa hanci, ƙamshin tafarnuwa ya buge shi, ƙamshin da ya ci a ce manomi ya ji tun saran farko. Haƙurin da ya bayar bai shiga ba. Ta cusa ganyen a leda ta danƙa masa tana sababi.

Ya zauna kan dutse yana kallon jiragen dakon kaya. Tafin hannunsa ya yi bororo, bayansa ya ƙi miƙewa. Ya ji nauyin tsohuwar, amma baƙin cikin kansa ya fi yawa. Ya kira gida.

"Yaya, a ba Huzaifa gonar."

"To, madalla. Kai fa, yaushe za mu gan ka?"

Shitu ya kalli ledar ganyen da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Gobe akwai kwantenar da zan raka."