Gero a Cikin Lasifika: Ta'aziyyar Zaharaddeen Mai Rediyo

Shekara goma sha biyu ke nan ana kirana Yero Kurma a tasharmu, kuma har yau babu wanda ya tsaya gabana ya faɗa mini ido da ido. A bayana ake yi. Da wannan zan fara, domin mutum ɗaya da bai taɓa kirana da sunan nan ba shi ne muka kai makwancinsa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, goma sha ɗaya ga watan Safar, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Zaharaddeen mai gyaran rediyo na bakin kasuwar Batsari, bayan jinyar kwana shida. Ina Safana ina sauke fasinja labarin ya same ni. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ɗiyata Rashida ce ke rubuta abin da nake faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Zaharaddeen, ɗana ko da ban haife ka ba, ka san asalin abin, amma bari in faɗa wa waɗanda ba su sani ba. Ni direban haya ne, Batsari zuwa Safana, wani lokaci in leƙa Karare da Ruma. Rediyon motata yana da wata cuta. In yana ƙasa-ƙasa, lafiya lau. Da zarar na ƙara, sai muryar mai labarai ta dishe, ta kama rawa, a rinƙa jin tsar-tsar kamar ana suyar gyaɗa a cikin mota. Ni kuwa ba na tuƙi babu labarai, don a hanyoyinmu na yanzu mutum yana so ya san abin da ya faru jiya kafin ya kama hanya. Sai in ƙara don in ji, shi kuma ya ƙara lalacewa, fasinja suna toshe kunne. Direbobi suka ce ba rediyo ba ne, kunnen Yero ne ya mutu.

Masu gyara uku na kai wa kafin kai. Ɗaya ya canza fis, ɗaya ya ce batir ne, na ukun ya ce in sa sabon rediyo. Na sa. Cutar tana nan inda take.

Kai da na zo maka, ko sukudireba ba ka ɗauka ba. Ka zauna a kujerata, ka ce in yi shiru, abin da babu wanda ya isa ya ce mini. Ka rinƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kana saurare. Ka rage amon nan mai dukan ƙirji da kuke ce wa bes. Ka kankare tsatsar wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, ka sake ɗaure ta. Ka mayar da sautin duka zuwa lasifikun gaba, ya fita tas. Ka mayar da shi baya, suyar gyaɗa ta dawo. Sai ka zagaya, ka ɗora tafin hannu a kan lasifikar da ke bayan kujerar baya, wadda bakinta ke kallon sama, idonka a rufe kamar mai duba zazzaɓi.

"Baba Yero, me kake ɗaukowa daga Karare?"

"Mutane da kayansu. Ina ruwanka?"

"Wane irin kaya?"

"Gero mana. Zinariya ake nomawa a Karare?"

Ka yi dariya, ka kwance ragar da ke saman lasifikar. Ga gero nan kusan cikin tafin hannu, har da ɓawon gyaɗa. Buhunan da nake ɗorawa a wurin ne suke tsiyaya ta ramukan raga. Ka ce in sauti yana ƙasa ƙwayoyin suna kwance, in ya tashi sai su tashi rawa. Ka kwashe su, ka shimfiɗa ƙyalle mai shara-shara a ƙarƙashin ragar, ka kunna. A ranar na ji muryar mai labarai kamar yana zaune kusa da ni.

A watan da ka yi gyaran ne shugabannin tasha suka zauna don su cire ni daga layi. Sun ce direban da ba ya ji haɗari ne, a hanyar da ake so mutum ya ji ƙarar babura tun daga nesa. Ban roƙe ka ba. Ka rufe shago a ranar kasuwa, ka zo da geron a gwangwanin madara, ka juye musu a kan tebur, ka ce, "Ga kurumtar Baba Yero na kawo muku." Aka yi dariya, aka bar ni. Sunan ne dai ba su bari ba.

Ba ni kaɗai ka yi wa ba. Lasifikar masallacin Babban Duhu ta daɗe tana shaƙe ladan, kai ka hau babur ka je ka gyara ta. Mutanen Ruma da suka baro gidajensu suka fake a gari, tsofaffinsu kan kawo maka ƙananan rediyonsu a naɗe cikin zane, ka karɓa da hannu biyu kana gaishe su da guntuwar Fulatancinka, suna yi maka dariya. In an kira salla, ko rediyo yana buɗe hanjinsa a waje, sai ka rufa masa tsumma ka tafi.

Faɗa ɗaya muka yi ta yi da kai. Ka ɗiga farin fenti a jikin abin ƙara sauti, ka ce, "Baba, nan ne iyakarka." Na ce motata ce, ba ta ubanka ba. Ka ce ka ji, amma nan ne iyaka. Abin da ya ba ni haushi shi ne a daidai ɗigon nan nake jin komai, ban taɓa samun dalilin wuce shi ba.

Kwana tara bayan rasuwarka, na faɗa wani rami a hanyar Ruma, sai muryar rediyo ta gudu ta yi mini nisa. Na wuce ɗigonka, na ƙure. Wata tsohuwa a baya ta ce za a fasa mata kai, ni kuwa da ƙyar nake tsintar kalma. Na kai motar shagonka wurin ƙanenka Nasiru, wanda ya gaji aikin. Bai taɓa rediyon ba. Ya miƙa hannu cikin yadin rufin mota, daidai kafaɗata ta dama, ya haɗa wata siririyar waya. Murya ta dawo. Na sa hannu na ji wata 'yar lasifika da ba ta fi murfin kwalba girma ba sosai, a ɓoye.

"Wa ya sa wannan?"

Ya sunkuyar da kai. "Yaya ne, tun ranar gero. Ya lura in an yi maka magana ta hagu sai ka juyo da kai gaba ɗaya. Ya ce iskar taga ce ta shekara arba'in ta taɓa kunnen. Ya ce kada a faɗa maka, Baba."

Na daɗe zaune a motar ban tayar da ita ba.

Rashida ta ajiye biro a nan. Ta ce in wannan ya fita, na ba shugabannin tasha hujjar da suke nema, ga shi sun fara maganar cire ni tun da ka kwanta. Na ce ta rubuta. Ka rufa mini asiri shekara takwas, ba zan bari a binne alherinka tare da kai don ina tsoron layi ba. Gero gaskiya ne, na gan shi da idona. Kunnen hagu ma gaskiya ne. Ka gyara na gyarawa, ɗayan kuma ka lallaɓa shi ba tare da ka kunyata tsoho ba.

Allah ya jiƙanka, Zaharaddeen. Ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya rufa maka asiri ranar tsayuwa kamar yadda ka rufa mini. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Maijidda da 'ya'yanku, da Nasiru, da dukan dangi. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa, ya albarkaci bayansa. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.

Saura ku, shugabannin tasha. Ga abin da kuke nema na faɗa da bakina. Za ku bar ni a layi ko za ku cire ni? Kuma a cikinku duka, wa ya taɓa kirana gefe a shekara goma sha biyun nan ya tambaye ni lafiyar kunnena? Ina tasha kullum bayan asuba, a inda kuka sani. Ɗayanku ya zo ya ba ni amsa a gabana. Ya tsaya ta hannun dama, zan ji shi.