Ɗan Tayin Akuyar da Yaya Danladi Ya Nuna Mini

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Danladi, likitan dabbobi, har yau na rasa yadda zan yi da littattafan zanensa. In jawo akwatin da suke ciki, in buɗe, in mayar ƙarƙashin gado.

Lokacin da na yi ɓari na uku, Jalingo ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba. Gari ya cika da baƙin ma'aikata, ni kuwa ina ɗaki a unguwar Yelwa ina tuhumar kaina: daka ce ta jawo, ko ɗaukar ruwa? Wata Asabar Yaya Danladi ya zo da babur ya ce, "Talatu, taso, zan nuna miki wani abu."

A ofishinsa ya sa na leƙa madubin likita, mai nuna abin da ido ba ya gani. Ya yi watanni yana karɓo mahaifar awaki daga kwata yana wankewa kafin ya dace da wannan. Na ga 'yan ƙwayoyi takwas a dunƙule.

"Ɗan tayi ne na 'yan kwanaki," in ji shi. "Nan gaba sai sun matse juna, sun liƙe yadda ruwa ba zai ratsa ba, sun buɗe ƙananan ƙofofi a tsakaninsu na isar da saƙo. Sannan na waje su zama mabiyiya, na ciki su zama jiki. Sau da yawa tun daga nan matsala ke farawa, uwa ba ta ma san da cikin ba. Taɓaryarki ba ta isa nan."

Na ce, "Yaya, me ke hana su liƙewa?" Ya ce shi ma abin da yake nema ke nan. Ciwon hanta bai bar shi ya gama ba.

Yanzu madubin ofishin nasa ya lalace, ba wanda ya gyara. Nakan tambayi kaina, da ya gani zai yi faɗa ne, ko zai ɗauko sukundireba ya zauna gyara? Ina da 'ya'ya biyu da bai san su ba, wannan ma yana hana ni sukuni.

Ban gaji iliminsa ba, 'yan jimloli kawai na riƙe. Watan jiya maƙwabciyata Saratu ta yi ɓari, kwana biyu ta ƙi cin komai. Na zauna a tabarmarta na zana mata ƙwayoyin da gawayi, na faɗi abin da Yaya ya faɗa mini, duk da kurakuran da na yi a ciki. Ta dubi zanen, sannan ta ce a miƙo mata kunu.