Takalmin da Ƙafa Ba Ta Fita

Warin sabuwar roba ne ya mayar da ni gida. A shekarar korona, a asibitin da nake aikin jinya a Doha, aka raba mana dogayen takalman roba da za mu riƙa shiga ɗakin masu cutar da su. Mai sito ya tambayi lambar ƙafata, na faɗa masa wadda ta fi tawa girma. Ya dubi ƙafar, ya dube ni, ya ce, “Yalla, ɗauki.” Ya zaci ban san lambata ba ne. Na sani sarai, sai dai a gidanmu ba a sayen takalmin ruwa daidai ƙafa.

Kakana maharbi ne, babana ma haka. Ba giwa suke harbi ba, kada ka ɗauka wani abin a zo a gani ne. Zabin daji ne da rani, da damina kuma dinya, wannan ƙatuwar agwagwar da ke sauka a fadamar bayan garinmu. Fadamar tana da kyau daga nesa, ciyawa kore shar, amma ƙarƙashinta taɓo ne baƙi mai wari, wanda ya sha haɗiye awakin mutane. Mu yara an hana mu wuce gonar shinkafa, kuma ba sai an maimaita mana ba.

Duk farkon damina kakana yakan je kasuwa zaɓen takalmi, ni kuma in maƙale masa, don amaryarsa yake kirana, ni kuwa in ce ba na auren mai furfura. Zaɓensa yana ƙular da ’yan kasuwa. Zai lanƙwasa takalmin ya ga ko robar za ta yi fari, ya shinshina, ya kafa baki ya hura iska a ciki yana saurare ko tana fita. Daga nan ya sa, ya zura yatsu biyu a bayan dunduniya. In yatsun ba su shiga ba, ko kyauta ne ba ya so. In yana tafiya takalmin na ƙara faƙat-faƙat, muna binsa muna dariya.

Wata shekara babana ya je birni ya dawo da wani takalmi irin na sojoji, fata a sama, roba a ƙasa, da igiya har ƙwauri. Ya ɗaure shi tamau a tsakar gida, ya tsoma ƙafa a bokiti, ya ciro, ya kwance, ga safarsa a bushe. Kowa ya yaba. Ni kam har shafa shi nake yi.

Ya ce, “Baba, ka gani? Ruwa ba ya shiga ko kaɗan.”

Kakana ya juya takalmin a hannu ya ce, “Na ga ruwa ba ya shiga. To ƙafa fa, tana fita?”

Babana ya yi dariya. Mu ma muka taya shi.

A tsakiyar daminar nan, da hantsi, Inna ta aike ni in kai wa kakana fura a gonar shinkafa. An kwana ana ruwa a garuruwan da ke samanmu, rafi ya fara tumbatsa yana malalowa cikin fadama. Ina ajiye ƙwaryar muka ji ƙarar bindigar toka, muka hango dinya ta faɗo cikin ciyawa, babana ya bi ta. Sai muka ga ya tsaya cak. Ruwa a cinyarsa, yana jujjuya jiki, amma ba ya gaba ba ya baya. Bai yi ihu ba, kuma wannan shirun ne ya fi tsorata ni. Hannu kawai ya ɗaga.

Da takalmin kakana ne a ƙafarsa, da zare ƙafa zai yi ya bar wa taɓo takalmin, ya dawo gida ana yi masa tsiya. Wannan kuwa ya riƙe shi gam, duk motsin da ya yi ƙara nutsewa yake, ruwa kuma na ta hauhawa. Ya sunkuya zai kwance igiyar, hannunsa bai kai ba.

Kakana ya ce in ruga in kira mutane. Ban tafi ba. Na tsaya ina kallo ya tuɓe riga, ya ciji wuƙarsa, ya kwanta da ciki a kan ciyawa yana jan jiki har ya isa. Lokacin ruwan ya kai ƙirjin babana. Tsohon ya ja numfashi ya nutsa kansa cikin baƙin ruwan. Ya ɗago yana tari, ya koma. Ya sake ɗagowa, ya sake komawa. A wata nutsawar ya daɗe har na ji babana yana cewa, “Baba, bari. Don Allah ka fito.” Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

Sun fito su biyu, babana ba takalmi, idon sawunsa duk yankan wuƙa. Amma ruwan taɓon ya riga ya shiga ƙirjin kakana. Ya kwanta da zazzaɓi, numfashinsa na fita da ƙara ana ji daga zaure. Kafin a yanke shinkafa ya rasu, kansa a kan cinyar babana. Bai taɓa ce masa ai na gaya maka ba.

Yanzu fadamar ta zama gonakin rani da injinan ban ruwa, dinya ta daina sauka, babu mai harbi a gidanmu. A shekarar da nake ba ka labari, kullum motar aiki takan ɗauko ni daga masaukina a unguwar Muaither, mu wuce filin wasan da ake gyarawa a Rayyan saboda gasar kofin duniya, in shiga ɗakin da tsofaffi ke irin numfashin kakana. ’Ya’yansu ba su da izinin shiga, sai dai mu riƙe musu waya.

Babana ya kai shekarun da kakana ya rasu a kansu, jirage kuma sun daina tashi. Tsoro ya hana ni sukuni. Duk safiya sai na kira shi, in bar shi ya yi ta zancen akuya da farashin taki, ni kuwa numfashinsa kawai nake saurare. Ran nan ya yi tari sau ɗaya, ya gane hankalina ya tashi.

Ya ce, “Ƙwarewa na yi da kunu, ’yar nan. Kwantar da hankalinki.”

Na ce, “Baba, in wani abu ya same ka, ba ni da hanyar isowa.”

Ya ce, “Gara haka. An taɓa shigowa ruwa saboda ni. Sau ɗayan ya ishe ni.”