Haƙoran Taya a Lakar Mahjar

Ruwan sama ba ya yawan sauka a Jidda, amma ran da ya sauko sai a gane wanda ya san ƙasa. A shekarar da nake magana muna zaune a unguwar Mahjar, cikin ɗakin katako da kwano. Maigidana yana tuƙa tarakta mai jan tankin ruwa zuwa wajen wani gini. Kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a ƙasar, shi ne mai ginin, iƙamarmu duka, takardar izinin zama, a hannunsa take.

Aka yi ruwa kwana biyu, hanyar ginin ta zama taɓo. Tarakta ta kafe, tayoyin baya suna juyawa a wuri ɗaya, magina suka wuni ba ruwan kwaɓa siminti. Da ƙyar wata babbar mota ta jawo ta. Kafili ya ce idan gobe aka sake haka, halas, shi ke nan, maigidana ya nemi jirgin komawa Sudan. 'Ya'yanmu uku a nan aka haife su.

Da la'asar maigidana ya dawo da taraktar ƙofar gida, da wasu tayoyi biyu ɗaure a kan tanki. Kafili ne ya samo su a bakin tashar jirgin ruwa, wai na ƙasar da ƙanƙara ke rufe hanya ne. Zanensu ƙanana ne a cunkushe, kamar tsagar fuska. Na duba su, na duba waɗanda ke jikin motar, masu manyan haƙora a karkace kamar ƙayar kifi. Na sa kara na tsokani tsakanin haƙoran. Laka ta cike su dam, ta shafe kamar an yaɓe bango.

Na ce, "Malam, wa ya ɗaura maka waɗannan?"

"Ni, tun bara. Duk direbobi haka suke juya su, don kada su haƙa rami a yashi."

"To yau yashi ka gani?"

Ya yi dariya. "Hajiya ta zama makanike. Yalla, a ba ni shayi."

Ban motsa ba. Ni na girma ina tsinkar auduga a Jazira ta Sudan, inda baƙar laka ke cire wa mutum takalmi. Ba wanda ya koya mini komai game da mota, amma na sha tsayawa bakin gona ina kallon tarakta. Idan ka dubi saman tayarta, tsinin haƙoran gaba yake kallo, sai laka ta riƙa zamewa gefe tana faɗuwa. Nasa baya suke kallo, suna tattaro lakar zuwa tsakiya.

Ya ce, "To na ƙanƙarar fa? Ai ƙanƙara ta fi laka santsi."

Na ce ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta mai sayar da ruwan sanyi, amma na san ba ta manne wa hannu. Na ɗebo laka na shafa wa ɗaya daga tayoyin kafilin. Shafa ɗaya ta toshe tsagogin duka.

Ya daɗe yana kallo. Na san abin da ke cinsa: ƙin kayan da kafili ya ba ka da hannunsa ba ƙaramin abu ba ne, balle a kan maganar matarka. Can ya kira maƙwabcinmu, suka ɗaga motar, tayar hagu ta koma dama, ta dama ta koma hagu, tsinin haƙoran ya juyo gaba. Kafin magariba sun gama.

Da safe na bi sawunta da ƙafa har kwanar da ta kafe jiya. Zanen haƙoran ya fito sarai a laka, bai yanke ba har ya wuce wajen. Na juyo na ɗora sanwa.

Maigidana ya mayar wa kafili tayoyinsa, ya ce sun yi wa ƙarfen motar kaɗan. Ƙarya ce, na kuma faɗa wa maigidan nawa ƙarya ce. Da lokacin sabunta iƙama ya zo, kafili ya sa hannu.