Tampol ɗin Safara'u Mai Tuwo

Safara'u mutuniyar Hotoro ce. Shekara takwas ta yi tana sayar da tuwo a ƙofar wani kamfanin matsar man gyaɗa a Bompai kafin maganar tampol ta taso. Mijinta manomi ne, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, duka a ɗakunansu. Da ta fita takaba ba ta sake aure ba. Ta lura mazan garinsu na sammako su nufi Bompai aikin lebura, da yawansu ko koko ba su sha ba, sai ta ɗora tukunya a ka ta bi sawunsu.

Rumfarta ta zana ce, dirka huɗu, jingine da katangar kamfani, dab da ƙofa. Wurin nan shi ne jarinta. In jiniyar sha biyu ta yi kuka, leburori kan fito da rabin sa'a kacal a hannunsu, kuma rumfar da suka fara cin karo da ita nan suke zama. Masu abincin tsallaken titi sai wanda ya rasa benci a wurinta suke samu.

A bazarar 1963 wuta ta tashi a rumfar wani mai shayi, ta lashe rumfuna biyu, ta baƙanta katangar ɗakin da ake ajiye gangunan mai. Washegari Ado maigadi, wani tsohon soja da ya fi shekara goma a ƙofar, ya zo da saƙo.

"Safara'u, Manaja ya ce kada ya ƙara ganin zana ko ciyawa a jikin katangar nan. Kwana goma ya bayar."

"To da me zan rufe, Baba Ado? Da zanena?"

"Kwano ma ya hana, wai gini ne. Tampol ya ce. Wadda ba ta yi ba ta koma tsallake."

"Ku da kuke cin tuwona da man shanu, ba ku yi mini magana ba?"

"Na yi mana. Ai da kwana uku ya ce."

A wancan zamanin tampol ba abin nema ba ne a Kano. Da shi ake lulluɓe dalar gyaɗa, da shi manyan motoci ke rufe kaya. In ya tsufa sai ya faɗo hannun irin su Malam Falalu, wanda ke da fili a bayan tashar jirgin ƙasa, yana saye yana yankawa yana sayarwa. Wurinsa Safara'u ta je ranar Lahadi, da igiyar da ta auna rumfarta da ita.

Ya shimfiɗa mata na farko. Fes yake, ya koɗe ya yi fari-fari, ba tabo ko ɗaya.

"Wannan daga kan dala ya sauko, Iya. Dubi tsabta."

Safara'u ba ta taɓa sayen tampol ba, amma ta san sayen atamfa. Ta kama gefe ta murza tsakanin hannuwanta, wani gari ya zubo. Ta ɗaga shi sama ta leƙa, hasken rana ya tsattsago ta ƙananan huji kamar rariya. Ta sa babban yatsa ta danna, ya ɓurma.

"Malam, wannan ai rana ta riga ta cinye shi. Ƙashinsa kuke sayarwa."

Falalu ya yi dariya ya naɗe. Na biyu na mota ne, baƙi ƙirin da mai, faci a kan faci. Ko taɓa shi ba ta yi ba, ta ce ba za a ci tuwo a ƙarƙashin wannan ba.

Na uku sai da mutum biyu suka jawo shi. Kore ne, mai kauri, ɗinkinsa biyu-biyu, zobban bakinsa na tagulla duk suna nan. Ta murza, bai zubar da komai ba. Ta ɗaga, ba haske. Ta sa aka yi masa kwarmi, ta zuba ruwa moɗa guda, ta zauna ta ci goro. Da ta gama ta shafa ƙasan, a bushe. Ta tambayi shekararsa, ta tambayi ko ya taɓa yagewa. Abin da ya rufe a da ne ba ta tambaya ba, Falalu kuma bai faɗa ba.

Aka kai shi Bompai a kura. Ta canza dirkokin gaba da dogaye don ruwa ya riƙa gangarewa baya, ta gitta gora uku, aka ɗaure shi tamau da igiyar rama. Murhu ta fitar da shi waje. Manaja ya zo wucewa a mota, ya duba, ya yi gaba. Mako uku rumfar Safara'u ta fi ta kowa inuwa a layin.

Ruwan farko ya sauko ranar wata Talata da hantsi. Ɗigo ɗaya bai shigo ba. Da aka ɗauke, rana ta buɗe, tampol ya fara tururi, sai wari ya sauko. Ba warin mai ba ne, ba na ruma ba. Ɗoyi ne mai nauyi irin na mushe, gauraye da wani abu mai hawa kai.

Jiniya ta yi kuka, leburori suka cika benci. Wani ya kai loma baki ya tsaya.

"Iya, me ya mutu a nan?"

Aka ɗaga benci, aka leƙa bayan tukwane. Wani dattijo da ya taɓa aiki a ma'ajiyar fatu ya miƙe ya shinshina rufin, ya ce tampol ɗin ƙiraga ne. Da shi ake rufe fatun shanu da aka barbaɗa wa maganin ƙwari kafin a loda su a jirgi. In yana bushe ba ya nuna hali. Ya ɗauki kwanonsa ya fita waje ya ƙarasa ci a tsaye.

Washegari rabin mutanenta suka tsallaka titi wurin wata Binta mai shinkafa da wake. Safara'u ta sauke tampol ta wanke da toka da sabulun salo. Ta turara shi da hayaƙin itacen ƙirya. Ruwa na biyu ya zo, warin ya dawo yadda yake. Ta koma wurin Falalu, ya rantse bai sani ba, ya ce kuma abin da aka yanka ba ya dawowa. Ta dawo da rabin tukunyar tuwo gida kwana shida a jere. In ta cire rufin, Manaja zai tashe ta. In ta bar shi, ba mai zama.

Cikin waɗanda ba su daina zuwa ba akwai Ɗahiru, direban babbar mota, Bazazzage, abokin wasanta na kullum. Shi yana zaune yana cin tuwonsa kamar ba abin da ke faruwa.

"Kai Bazazzage, hancinka a gida ka baro shi?"

"Ku Kanawa dai da son banza. Kin ga kore kin ɗauka aljanna ce. Ni fa fatu nake ɗauka yanzu, Iya, wannan a wurina turare ne."

Ta ajiye mara ta dube shi.

"Da me kake rufe su?"

"Da wani tsohon tsumma, tun ina ɗaukar tunkuza a kamfanin nan. Yoyo yake. Shekaranjiya mai kaya ya kusa cinye ni ɗanye."

"Tashi mu gani."

Motar na fake a gindin wata maina. Tampol ɗin ya sha duniya, akwai yaga biyu a tsakiya, gefe ɗaya ya zaizaye. Ba ta murza ba, ba ta ɗaga ba. Ta aika aka ɗebo ruwa bokiti biyu, ta kwara masa, ta bar shi a rana. Ɗahiru na ta mita zai makara. Da ya fara tururi ta durƙusa ta kafa hanci, ta bi shi kusurwa kusurwa. Ƙamshin ƙuliƙuli yake.

"Ka ɗauki nawa, ka bar mini wannan."

"Sabo da tsoho? Yau Bakanuwa ta yi asara da bakinta. Ku zo ku shaida!"

Ado maigadi ya zo ya shaida, ya kuma taya su kwance igiya.

Kwana biyu ta yi tana gyara. Ta yanke gefen da ya mutu, ta fitar da faci daga jikinsa, ta ɗinke yagar da basilla da zare mai kakin zuma, ta bi ɗinkin da kwalta ta waje. Da aka ɗora, bai kai tsawon rumfar ba, sai ta matso da dirkokin baya taku guda. Benci ɗaya ya rasa wuri, ta kai shi gida.

Mutane ba su dawo rana ɗaya ba. Wasu sun leƙo sun shinshina tukun. Wasu sun saba da shinkafar Binta, ba su dawo ba har abada. Amma kafin tsakiyar damina benci biyun da suka rage ba sa zama wofi, kuma in ruwa ya tsuge da sha biyu har a tsaye ake ci. Kusurwar hagu ba ta daina ɗiga ba duk facin da aka yi mata. Wanda ya makara shi ke zama a wurin, in ya yi ƙorafi Safara'u ta ce masa gobe ya ɗaga ƙafa.

Damina biyar tampol ɗin ya yi a kanta, kowace bazara tana ƙara masa faci. A 1968 gwiwa ta hana ta tafiyar Bompai, ta bar wa 'yar ƙanwarta wurin da tukwanen.