Ƙasar tsakar gidanmu

Jiya na iso Dareta bayan shekara huɗu a Legas. Ina zaune tsakar gidanmu na damƙi ƙasa, sai na ga ja ce, ba wadda na sani ba.

Na ce, "Inna, yaushe ƙasarmu ta sake launi?"

Ta ce, "Wagga baƙuwa ta. Da gubar dalma ta wurin haƙar zinari ta shiga ƙasa ta ci yara, anka kankare tamu, anka zubo wagga. Wadda kunka yi rarrafe bisanta, kai da ƙannenka, ta tafi cikin buhu."

Gonakin gero na nan, ramukan zinari na nan. Amma Inna kaɗai ke sharar gidan, kuma ko ƙasar da ƙannena biyu suka taka kafin su rasu ba ta rage mata ba.

Ku da kuka daɗe ba ku je gida ba, me kuke zaton yana jiran ku?